Daga cire huhu sukutum zuwa cire fangali ɗaya: tarihin tiyatar kansar huhu, daga wani ɗan Kura 🧵

1/ Zaren nan da ɗan tsawo, ku nemi wuri ku zauna. Bara da rani muka rasa kawuna, manomin shinkafa a yankin Kura. Wata shida yana shan maganin tarin tibi, ashe kansar huhu ce. Ranar da aka gano, likita ya ce mana da an zo da wuri da tiyata za a yi masa. Maganar nan ta daɗe tana ci na.

2/ Shi ya sa hutun nan na zauna na bi tarihin ita wannan tiyatar da kawu bai samu ba. Wa ya fara ta, me ake cirewa, me ya canza. Ni ɗalibi ne, ba likita ba, don haka kar wani ya ɗauki zaren nan a matsayin takardar asibiti. Tarihi ne.

3/ Bari mu fara da fasalin huhun, kuma ɗan Kura ko Bunkure ba zai sha wahalar ganewa ba. Ruwa ya taso daga dam ɗin Tiga, ya biyo ta Ruwan Kanya, babban kanal ya rabu, ƙananan kanal suka shiga sekta-sekta, har ruwa ya isa fangalin da ka dasa shinkafarka. To haka iska take tafiya a ƙirjinka.

4/ Maƙogwaro shi ne babban kanal. Ya rabu biyu, dama da hagu. Huhun dama ɓangare uku ne, na hagu biyu, don zuciya ta ci wuri. Kowane ɓangare kuma ya kasu ƙananan yankuna, a dama guda goma ne, kowanne da bututun iskarsa da jijiyar jininsa. Ku riƙe wannan: huhu, ɓangare, fangali. Duk labarin a kansu yake.

5/ Abu na farko da ya ba ni mamaki: shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, kansar huhu baƙuwar cuta ce ko a Turai. A 1912 wani likita a Amurka, Isaac Adler, ya tattara duk rahotannin cutar da ya iya samu a littattafan likitanci, ya samu mutum 374 kacal.

6/ Yau fa? Alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 sun nuna kusan mutum miliyan 2.5 suka kamu a shekarar, kusan miliyan 1.8 suka mutu. Babu kansar da ta kai ta kisa. Abin da ya shiga tsakanin 1912 da yau, mafi girmansa, sigari ce ta inji, mai arha, mai shiga aljihu.

7/ Amma ko a lokacin da cutar ba ta da yawa, likitoci na tsoron ƙirji. Ciki ana buɗewa, ƙafa ana yankewa, ƙirji kuwa sai a ja da baya. Dalili: huhu ba ya hura kansa. Ƙirji ne ke buɗewa ya zuƙo shi. Kana huda ƙirjin iskar waje ta shiga, sai huhun ya motse kamar balan-balan ɗin da aka saki bakinsa.

8/ A 1904 wani matashin likita Bajamushe, Ferdinand Sauerbruch, ya zo da dabara mai ban dariya in ka ji ta yau. Ya gina ɗaki da ake zuƙe wani kaso na iskar cikinsa. Gangar jikin mara lafiya da likita suna ciki, kan mara lafiyan yana waje ta wata kafa. Ta yi aiki fa. Sai dai tsada da takura.

9/ Abin da ya kashe ɗakin Sauerbruch ɗan bututu ne. Maimakon a rage iskar ɗaki, a zura bututu ta maƙogwaro a riƙa tura wa huhu iska. Meltzer da Auer suka nuna haka a New York a 1909. Daga baya a 1949 Carlens na Suwidin ya kawo bututu mai hanya biyu: a motsar da huhun da ake wa aiki, ɗayan na numfashi.

10/ Wani abu da ya kamata mu lura da shi, mu da tibi ta addaba: a kan masu tarin tibi likitocin ƙirji suka koyi sana'arsu. Kafin maganin tibi ya fito a shekarun 1940, har haƙarƙari ake cirewa don ƙirji ya lotsa, huhun mai ciwo ya huta. Tun farko tarihin cututtukan nan biyu a sarƙe yake.

11/ 1912, Landan. Hugh Morriston Davies ya cire ɓangare ɗaya na huhun wani mai kansa, ya bi jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, kusan yadda ake yi yau. Aiki ya yi kyau. Bayan kwana takwas mutumin ya rasu, mugunya ta taru a ƙirji. Lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hannu ya iya, zamani bai kai ba.

12/ Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi. 1933, asibitin Barnes a birnin St. Louis, Amurka. Mara lafiya: Dakta James Gilmore, likitan mata daga Pittsburgh, ɗan shekara 48. Ya yi watanni yana fama da tari da zazzaɓi ana ta yi masa maganin wasu cututtukan. Likita ne fa shi kansa. Na karanta wannan na tuna kawu.

13/ Da aka zura madubi ta maƙogwaro aka gutsuro tsoka aka gwada, sai ga kansa a ɓangaren sama na huhun hagu. Gilmore ya ce a ba shi 'yan kwanaki ya je gida. Ya je ya gyara haƙoransa wajen likitan haƙori, sannan ya sayi filin kabari. Wato ya shirya wa rayuwa, ya shirya wa mutuwa, a tafiya ɗaya.

14/ Ranar 5 ga Afrilu 1933 Dakta Evarts Graham ya buɗe shi da niyyar cire ɓangare ɗaya. Yana shiga ya tarar ƙarin ya zauna daidai mararrabar bututun iska. In ya cire ɓangare kawai, zai bar kansa a ciki. Nan take ya yanke shawarar cire huhun hagu gaba ɗaya.

15/ Kafin ranar an cire huhu sukutum an dace, Rudolf Nissen ya yi wa wata yarinya a Jamus a 1931, amma ba don kansa ba, kuma ba a zama ɗaya ba. Na Graham shi ne na farko a kan kansa, a aiki guda, kuma mara lafiya ya tashi. Har haƙarƙari bakwai ya cire don cike gurbin da huhun ya bari.

16/ Gilmore ya koma Pittsburgh ya ci gaba da karɓar haihuwa da huhu ɗaya. Shekara talatin ya ƙara a duniya. Sai 1963 ya rasu, kuma ba kansar ce ta dawo ba. Filin kabarin nan ya sha jira.

17/ Shi kuwa Graham mashayin sigari ne sosai. Wani ɗalibin likitanci, Ernst Wynder, ya zo masa da tunanin cewa sigari ce ke jawo cutar. Da farko Graham ya ɗauke ta wasa, har ya yi masa ba'a cewa ai sayen safar nailan ma ya ƙaru a shekarun, ko ita ma za a zarga? Duk da haka ya bar yaron ya yi bincike.

18/ A 1950 suka fitar da sakamako a kan mutum 684 masu cutar. Kusan dukkansu mashaya ne. A shekarar dai Doll da Hill suka fitar da irinsa a Ingila. Graham ya yarda, ya daina sha. Amma bakin alƙalami ya bushe: 1957 kansar huhu ta kashe shi, kuma ta riga ta bazu, tiyatar da ya ƙirƙiro ba ta da abin yi masa.

19/ Ku duba fa. Mara lafiya ya binne likitansa da shekara shida. Bambancinsu ba kuɗi ba ne, ba ilimi ba, ba asibiti ba. Na Gilmore an same ta tana wuri ɗaya. Ta Graham an same ta ta watsu. Wallahi duk sauran abin da zan faɗa a zaren nan sharhi ne a kan wannan.

20/ Ɗan ratse: Sarkin Ingila Joji na shida, mahaifin Sarauniya Elizabeth da ta zo Kano a 1956, shi ma aikin nan aka yi masa. Satumba 1951, a cikin fadar Buckingham aka mayar da ɗaki ya zama ɗakin tiyata, Clement Price Thomas ya cire huhunsa na hagu. Ba a ma faɗa masa sunan cutar ba. Fabrairu 1952 ya rasu yana da shekara 56.

21/ Wannan ɓoye wa mara lafiya sunan cutarsa, mu ma mun yi wa kawu. Har yau ban tabbata mun kyauta ba. Mu koma kan zare.

22/ Bayan Graham, kusan shekara ashirin likitoci sun ɗauka in kansa ce to huhu sukutum za a cire. Matsalar ita ce mutane da yawa ba sa tashi daga aikin, waɗanda suka tashi kuma wasu ko taku kaɗan sai haki. Ka ƙaddara manomin da ke yini a cikin taɓo yana dashe, a ce ya koma gona da huhu ɗaya.

23/ Sannu a hankali aka gane cire ɓangare ɗaya, tare da kwashe kaluluwar da ke kewaye don a gwada ta, yana warkarwa kamar cire huhun duka in ƙarin bai wuce ɓangaren ba. Zuwa shekarun 1960 wannan ya zama aikin da aka fi yi. Wato an daina rufe babban kanal saboda sekta ɗaya ta lalace.

24/ Sai tambaya ta gaba: in ƙarin ƙarami ne, me zai hana a cire fangali ɗaya kawai? Dabarar cire ƙaramin yanki tun 1939 Churchill da Belsey suka yi bayaninta, amma don wata cutar ta daban. A kan kansa likitoci sun yi ta musu, kowa na kafa hujja da marasa lafiyansa.

25/ A 1995 aka raba gardama, ko a ce aka ɗauka an raba. Ginsberg da Rubinstein suka fitar da gwajin da aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka yi wa ƙaramin yanka, kansar ta dawo musu a wurin har ninki uku. Shi ke nan, cire ɓangare ya zama doka na kusan shekara talatin.

26/ A tsakanin nan abin da ya canza shi ne ƙofar shiga. Da, tsaga ake yi doguwa daga baya zuwa gefen ƙirji, a buɗa haƙarƙari da ƙarfe. Ciwon bayan aiki kaɗai jarrabawa ne. Farkon shekarun 1990 aka fara shiga da kyamara ta 'yan ƙananan huji, likita na kallon talabijin. Roviaro na Italiya na cikin na farko.

27/ Zuwa 2010 wani likita a Sifen, Diego Gonzalez Rivas, ya cire ɓangaren huhu ta huji ɗaya tal. Yanzu har da na'urar da likita ke zaune gefe yana sarrafa hannayenta. Abin da ake cirewa a ciki ɗaya ne. Ribar ita ce ƙarancin ciwo da saurin komawa gida.

28/ Sai kuma doka ta 1995 ta girgiza. 2022, Japan: mutum 1,106 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, kamar ɗan kanya. Bayan shekara biyar, kashi 94.3 na waɗanda aka cire wa fangali suna raye, na cire ɓangare kashi 91.1. A 2023 wani gwajin da Amurka ta jagoranta kan mutum 697 ya nuna ƙaramin yanka bai gaza ba.

29/ Kar mu yi zumuɗi: a gwajin Japan ɗin ma kansar ta fi dawowa a wurin ga masu ƙaramin yanka, kashi 10.5 da 5.4. Kuma sharaɗin duka gwaje-gwajen shi ne ƙari ƙarami, a gefen huhu, kaluluwa lafiya lau. Me ya bambanta 1995 da 2022? A ganina ba wuƙa ba ce, hoto ne. Siti sikan na ganin abin da hoton ƙirji na gargajiya ba ya gani.

30/ To yau mai kansar huhu a matakin farko, wadda ba ta bazu ba, ga abin da ke gabansa: a yanko ƙarin da ɗan naman gefensa, ko a cire fangali, ko ɓangare, huhu sukutum kuwa sai in ba makawa. Kafin nan sai an sa shi ya hura iska a na'ura an ga ko ragowar huhun zai riƙe shi. Wanda jikinsa ba zai ɗauki aiki ba, akwai gashi na haske da ake saitawa daidai kan ƙarin.

31/ Akwai kuma nau'in kansar huhu mai ƙananan ƙwayoyi da ke saurin bazuwa, ita galibi ba tiyata ake mata ba. Shi ya sa gutsuro tsoka a gwada ba ɓata lokaci ba ne. Kuma don Allah, zancen nan na "in ƙarfe ya taɓa daji sai ya haukace" da ake yi a gidajenmu, Gilmore shekara talatin ya yi bayan ƙarfe ya taɓa nasa.

32/ Mu dawo gida. A 1957, shekarar da Graham ya rasu, aka buɗe asibitin koyarwa na Ibadan. Ranar 1 ga Fabrairu 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a Inugu, Farfesa Fabian Udekwu da Magdi Yacoub na cikin waɗanda suka yi. Wato shiga ƙirji ba sabon abu ba ne a ƙasar nan.

33/ 1974 ɗin dai aka kammala dam ɗin Tiga, zamanin Audu Baƙo. Ruwan ya mayar da Kura, Bunkure da Garun Malam ƙasar noma rani da damina. A 1976 aka kafa hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are. Alkama, tumatir, shinkafa. Kuɗin makarantata daga fangalin nan yake fitowa, ba zan raina shi ba.

34/ Amma shinkafa ta zo da hayaƙinta. Wanda ya taɓa shiga layin injinan gyaran shinkafa a Kura ya san ƙurar ɓuntu da baƙin hayaƙin dizal. Iyayenmu mata masu turara shanshera a kan itace su yini ido na hawaye. Bayan girbi a cinna wa karan shinkafa wuta. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa hayaƙin dizal cikin masu jawo kansar huhu tun 2012, gurɓatacciyar iskar waje a 2013.

35/ Ba ina cewa shinkafa ce ta kashe kawu ba. Ya sha sigari shekaru kafin ya bari, kuma sigari ita ce uwa uba, nesa ba kusa ba. Ina faɗa ne don masu cewa "ai ni ba na shan taba". Ana samun cutar ga wanda bai taɓa sa kara a baki ba. Ku kuma 'yan shisha, hayaƙi hayaƙi ne ko da ƙamshin abarba yake.

36/ Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano an kafa shi a 1988, akwai likitocin tiyatar ƙirji, haka ma asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Daga Kura zuwa Kano wajen kilomita talatin ne a kan titin Zariya. Tumatir ɗin Kwanar Gafan ya fi wannan nisa a dare ɗaya. Kawu wata tara ya yi kafin ya ci wannan tafiyar.

37/ Ga yadda watannin suka tafi. Biyu a kemis: maganin tari, maganin maleriya, allurai. Sai wani asibiti, ba zan kama suna ba. Gwajin kaki bai nuna tibi ba, amma hoton ƙirji ya nuna inuwa, aka ce a fara magani a gani. Wata shida. Yana ramewa muna cewa ƙarfin magani ne. Sauran watan neman kuɗin siti sikan.

38/ A yi adalci: tibi ta yi yawa a ƙasar nan, Najeriya na cikin ƙasashen da ta fi addaba a duniya, gwajinta da maganinta kyauta ne. Alamominta kuma kusan ɗaya da na kansa: tari, jini a kaki, rama, ciwon ƙirji. Ma'aikacin da ya fara zargin tibi bai yi laifi ba. Inda aka kuskure shi ne wata biyu ba sauƙi, kuma ba wanda ya sake tambaya. Har da mu.

39/ Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne a matakin farko sau da yawa kansar huhu ba ta tari, ba ta ciwo. Naman huhu ba ya jin zafi. Shi ya sa a Amurka aka gwada ɗaukar manyan mashaya hoton siti sikan mai ƙarancin haske tun suna lafiya. Mutum sama da 53,000, sakamako a 2011: mace-macen cutar sun ragu da kashi 20.

40/ Mu nan ba mu da irin wannan tsarin, hoton ma daga aljihunka ne, kuma a lokacin da manomi ya zuba komai a taki da fetur ɗin injin ban-ruwa. Abin da ke hannunmu kaɗan ne: tarin da ya wuce sati biyu a je gwajin tibi. In gwaji bai nuna ba, ko ana shan magani ba sauƙi, a nemi takardar turawa babban asibiti. Musamman dattijo, musamman wanda ya sha taba.

41/ Kuma in an ɗauki babanka hoton ƙirji don wani dalili daban, likita ya ce ya ga ɗan tabo a dawo bayan wata uku, ku koma. Irin wannan tabon da ake gani bisa tsautsayi, shi ne ɗan kanyar da Japanawa ke cirewa da fangali ɗaya.

42/ Hoton kawu na farko yana nan a cikin ambulan a ɗakin Inna. Na kai wa wani babban likita ya ɗaga shi a haske, ya daɗe yana kallo, ya nuna min inuwar da biro, a ɓangaren sama na huhun hagu. Wurin da ta Gilmore ta zauna. Allah Ya jiƙan kawu da rahama. Bana ɗansa ne ya dasa gonar.